NILFS2 a kan Linux: yana dawo da abin da ka goge, muddin mai shara na aiki

Dalili guda ne zai sa mutum ya bar ext4 ya waiwayi NILFS2, waɗanda dukansu tsarin fayil ne, wato hanyar da Linux ke tsara bayanai a kan faifai. Ka goge fayil da ƙarfe goma da kwata, ko ka zuba shirme a cikinsa ka adana, ba ka farga ba sai goma da rabi, kuma babu kwafin da ka ajiye. A ext4 ko XFS sai kayan tono da addu'a. A Btrfs da ZFS sai in an riga an ɗauki hoton faifan kafin ɓarnar. A NILFS2 kuwa fayil ɗin yana nan yadda yake da ƙarfe goma da minti goma sha huɗu, ba tare da kowa ya shirya wa ranar ba. Wannan shi ne hajar da yake sayarwa, kuma tana aiki yadda aka faɗa. Sauran maganar duk ta farashinta ce.

Ɗakin binciken kamfanin NTT na Japan ne ya ƙirƙiro shi, ya shiga kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin aikin, a fitowar 2.6.30 a shekarar 2009, kuma Ryusuke Konishi ne mai kula da shi. Tushen dabarar ya girme shi sosai. John Ousterhout da Fred Douglis ne suka kawo ta a 1988, sannan Mendel Rosenblum da Ousterhout suka gina ta a tsarin Sprite a jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley. Dabarar ita ce kada a taɓa rubutu a kan tsohon rubutu. Duk canjin da aka yi, na bayanai ne ko na bayanin fayil ɗin kansa, a gaba ake jera shi a wurin da babu komai. NILFS2 yana yanka faifai zuwa yankuna, kowane yanki bulo 2048, kowane bulo bayit 4096, wato MiB 8 ke nan. In ya cika yanki ya wuce na gaba. Kusan duk daƙiƙa biyar, in dai akwai canji, ko kuma duk sanda wata manhaja ta nemi a tabbatar rubutunta ya sauka, yana kafa zango: cikakken yanayin faifan a wannan lokacin, da lambarsa da lokacinsa. Da yake ba a taɓa tsofaffin bulo ba, tsofaffin zanguna suna nan lafiya ƙalau har sai an zo an share su.

Kafin a taɓa faifai

A Debian da Ubuntu sunan ƙunshin kayan aikin nilfs-tools, a Arch da Fedora kuma nilfs-utils. Kafin komai a tabbatar kenel ɗin ya san shi:

modprobe nilfs2
grep nilfs2 /proc/filesystems

In layi na biyu bai fito da komai ba, kada a ci gaba. Kenel ɗin Red Hat Enterprise Linux da 'yan uwansa ba ya zuwa da shi, kuma wasu ƙananan Ubuntu na sabar sun ware shi a ƙunshin ƙarin modul da ba a sakawa da farko. Alamar matsalar ita ce mount ya ce bai san irin wannan tsarin fayil ba.

Wanda ke son gwaji ba sai ya sadaukar da fatishan, wato sashen faifai, ba. Fayil na GiB 2 ya isa:

truncate -s 2G gwaji.img
losetup -f --show gwaji.img
mkfs.nilfs2 -L gwaji /dev/loop0

Kada a gwada da abin da ya gaza MiB 128 da 'yan kai, mkfs.nilfs2 zai ƙi, don yana buƙatar aƙalla yankuna takwas na ajiya da wasu takwas na aiki. Yana keɓe kashi 5 cikin ɗari na yankunan don amfanin mai shara, wato manhajar da ke share tsofaffin bulo don kwato sarari, ana iya canza adadin da -m, amma rage shi ganganci ne, dalilin na nan tafe. Girman yanki ana canza shi da -B. A kan katin SD ko filashi ya kyautu fatishan ya fara a kan iyakar MiB 4 ko 8, don yankunan su yi daidai da yadda katin ke goge kansa a ciki.

Ɗorawar kanta, wato haɗa faifan da wata folda don a iya amfani da shi, layi ɗaya ce:

mount -t nilfs2 /dev/sdb1 /srv/ajiya

A nan ne mutane da yawa ke wucewa da sauri, alhali nan ne wurin tsayawa. Wannan umarnin ba kenel yake kira kai tsaye ba. Yana miƙa aikin ga wani ɗan mataimaki mai suna mount.nilfs2, shi kuma bayan ya ɗora faifan sai ya tayar da nilfs_cleanerd, wato mai shara. Mai sharar ba a cikin kenel yake ba, manhaja ce da ke gudana a gefe, ɗaya ga kowane faifai. Duk hanyar da ta kewaye mataimakin za ta ba ka faifai mai aiki sumul amma babu mai shara: mount -i, ko mount ɗin BusyBox a cikin initramfs, ko kwamfutar da ke da modul amma ba a saka mata kayan aikin ba, ko zaɓin nogc da aka manta a fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗora in an kunna kwamfuta. Babu gargaɗi ko ɗaya. Faifan zai yi ta cika ko da ba ka ƙara fayil ɗaya ba, har ranar da ya tsaya cik. Don haka bayan kowace ɗorawa ta farko, da bayan sake kunna kwamfuta na farko, a duba:

nilfs-clean --status /dev/sdb1
pgrep -a nilfs_cleanerd

A fstab layin zai yi kama da wannan:

LABEL=ajiya /srv/ajiya nilfs2 defaults,nofail 0 0

Sifilin ƙarshe dole ne, don babu fsck, wato manhajar duba faifai da gyara shi, da za a kira. Wajen saukewa ma umount.nilfs2 ne ke tsayar da mai shara kafin ya saki faifan, saboda haka a bar umount ya bi hanyarsa.

Zaɓuɓɓukan ɗorawa ba su da yawa, kuma yawancinsu gara a bar su yadda suke. errors=remount-ro shi ne na asali, kuma shi ne daidai. barrier a kunne yake. Akwai masu kashe shi da nobarrier don sauri, amma a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama kuma kwamfutar ba ta da batir ko UPS, wannan sayar da tabbas ne a kan 'yan daƙiƙu, domin shingen ne ke hana faifai rubuta ƙarshen zango kafin cikinsa. order=relaxed, na asali, yana barin a sauke bayanan da aka canza ba tare da kafa sabon zango ba in bayanin fayil bai canza ba. order=strict yana kiyaye jerin kowane aiki daki-daki, har da rubutu a kan tsohon wuri a cikin fayil, kuma ana jin nauyinsa. discard a kashe yake. A kan SSD ana iya kunna shi, ko kuma a bar fstrim ya yi aikin mako-mako, wanda ya fi sauƙi ga na'urar. noatime ba ya ƙara komai, don NILFS2 ba ya rubuta lokacin karanta fayil tun asali.

Zaɓi ɗaya da ya kamata duk mai gyaran kwamfuta ya riƙe shi ne norecovery. In aka kashe na'ura ba bisa ƙa'ida ba, ɗorawa ta gaba tana neman zango na ƙarshe mai lafiya, ta bi abin da ya biyo bayansa tana duba lissafin CRC32 mai nuna ko rubutu ya cika, ta karɓi abin da ya cika ta zubar da wanda ya yanke. Wannan farfaɗowar takan ƙare cikin ɗan lokaci komai girman faifai, kuma tana cikin abubuwan yabawa. Sai dai tana iya yin rubutu ko da an ce -r. In faifan na ciwo ne kuma ana son kwashe kaya ba tare da an taɓa shi ba, sai a ce -o ro,norecovery.

Dawo da abin da ya ɓata

Ga inda NILFS2 ke cin kuɗinsa. lscp yana jero zanguna da lambarsu da kwanan wata da lokaci. Waɗanda aka rubuta wa cp na yau da kullum ne, mai shara na da izinin cinye su. Waɗanda aka rubuta wa ss kafaffu ne, ba ya taɓa su. Jerin kan yi tsawo ƙwarai, don haka lscp -r -n 30 ya fi amfani, yana fito da talatin na baya-bayan nan. A ce wanda ya gabaci ɓarnar shi ne mai lamba 4120:

chcp ss /dev/sdb1 4120
mkdir -p /mnt/jiya
mount -t nilfs2 -r -o cp=4120 /dev/sdb1 /mnt/jiya
cp -a /mnt/jiya/takardu/kasafi.ods /srv/ajiya/takardu/

Ba sai an sauke faifan na ainihi ba, duka biyun suna zama tare. Kurakurai biyu ne aka fi yi. Na farko tsallake chcp: kenel ba ya ɗora zangon da ba a kafe ba, kuma saƙon da mount ke bayarwa ba ya fayyace dalili, sai an duba dmesg. Na biyu mantawa da -r: kafaffen zango na karatu ne kawai, in ba a faɗa ba za a ƙi. Shawarar da ta fi komai ita ce a fara kafewa kafin a fara tunani. In ba a tabbatar da lambar ba, a kafe uku ko huɗu da ke kusa da lokacin, ko a dakatar da mai shara da nilfs-clean --suspend, a bincika a tsanake, sannan a sake shi da --resume.

Zango hoton faifai ne, bai san halin da manhaja take ciki ba. Yana iya faɗowa a tsakiyar adana babban fayil, ka buɗe ka tarar da rabi. In haka ta faru a koma na bayansa. Haka kuma lokacin da lscp ke nunawa agogon kwamfutar ne. Raspberry Pi na kafin na 5 ba shi da agogon da ke riƙe lokaci in an kashe shi, don haka in ba ya samun intanet, lambobin zanguna sun fi kwanan watansu gaskiya.

Bayan an gama a sauke /mnt/jiya, sannan chcp cp /dev/sdb1 4120 ya mayar da shi na yau da kullum. Ba zai yarda ba muddin yana ɗore. Kafin babban aiki, kamar sauya sunayen fayil dubu da wani rubutaccen umarni, mkcp -s yana kafa zango kafaffe nan take.

Abin da babu shi ne mayar da faifan gaba ɗaya zuwa jiya da umarni ɗaya. Babu kafaffen zango mai karɓar rubutu, babu aika bambancin zango biyu zuwa wata na'ura kamar yadda Btrfs da ZFS ke yi. Kwafi ne da hannu, da cp ko rsync. Ga takardu wannan ya wadatar. Ga mai son juya tsarin aiki baya bayan sabuntawar da ta lalace, bai wadatar ba.

Mai shara da halinsa

Saitinsa yana /etc/nilfs_cleanerd.conf. Layukan da suka fi tasiri uku ne. protection_period yana kan daƙiƙa 3600, ma'ana duk abin da aka goge ko aka canza cikin awa ɗaya da ta wuce ba za a share shi ba. min_clean_segments yana kan kashi 10 cikin ɗari, max_clean_segments kan kashi 20: mai shara yana barci har sai sararin da ya rage ya gaza na farkon, sannan ya tashi ya yi ta aiki har ya kai na biyun. A faifan GiB 100, mai yankuna kusan 12,800, wannan na nufin ba ya motsi sai saura wajen GiB 10 ban da na ajiya. Sakamakon haka abu biyu ne. A faifan da ke da sarari, tarihi kan wuce awa ɗaya nesa ba kusa ba, ya kai kwanaki ko makonni. Kuma df, mai auna cikar faifai, zai riƙa nuna faifan ya kusa cika a kullum, ko da du, mai auna girman fayiloli, ya ce fayilolin ba su kai rabi ba. Wannan ba lalacewa ba ce, amma duk na'urar sa ido da aka saita ta yi ƙara a kashi 80 za ta hana mutane barci.

Tafiyarsa ta yau da kullum yankuna biyu ce duk daƙiƙa biyar, in sarari ya yi ƙaranci kuma huɗu duk daƙiƙa ɗaya. Huɗu sau MiB 8 MiB 32 ke nan a daƙiƙa, amma wannan abin da ya duba ne, ba abin da ya kwato ba. Kafin ya saki yanki sai ya kwashe duk bulon da ke da rai a cikinsa ya sake rubuta su a gaba, kamar mai share rumbun da sai ya fitar da hatsin kirki kafin ya kai ga ƙaiƙayi. In kashi 80 na yankin na da rai, zai kwafi MiB 6.4 don ya samu MiB 1.6. Lissafin da masu Sprite suka yi tun farkon shekarun 1990 ya nuna a wannan cikar kowane rubutu ɗaya na jawo aikin faifai ninki goma. Shi ya sa NILFS2 da ya cika da bayanai masu rai yake rarrafe, kuma shi ya sa a ganinmu bai kamata abin da du ke nunawa ya wuce kashi 70 na fatishan ba.

Babban rauninsa a nan shi ne yadda yake zaɓar yanki. Hanya ɗaya tak gare shi, timestamp, wato mafi tsufa shi ne na farko. Sprite yana auna riba da wahala kafin ya zaɓa. NILFS2 zai iya zuwa kan yankin da ke cike da hotunan da ba a taɓa ba shekara biyu, ya kwashe su kaf ya sake rubutawa ba tare da ya samu komai ba. An rage wannan ɓarnar da min_reclaimable_blocks, wanda ke sa ya tsallake yankin da abin kwatowa a ciki bai kai kashi 10 ba, ko kashi 1 in sarari ya ƙure. Ya taimaka, amma faci ne. A kan katin SD mai arha wannan kwafe-kwafen yana cin rayuwar katin, kuma ya rage daga ribar da rubutu a jere ke kawowa. lssu -l yana nuna yawan bulo masu rai a kowane yanki, ga mai son ganin inda aikin ke tafiya.

In faifan ya cika fal, abin yana da ban haushi, domin a wannan tsarin gogewa ma rubutu ce, rm kansa zai iya cewa babu sarari. Yawanci ɗayan uku ne ya jawo: mai shara bai tashi ba, ko kafaffun zanguna da aka manta sun riƙe tsofaffin bayanai, ko an rubuta abin da ya fi sararin da ya rage cikin awar kariya. Na ukun shi ne ke kama masu sauke manyan fayiloli su goge su sake saukewa. Mafita ita ce a duba lscp -s, a mayar da kafaffun da ba a buƙata zuwa cp, sannan a tilasta shara da gajeriyar kariya:

nilfs-clean -p 0 -S 8/1 /dev/sdb1

A sani -p 0 yana nufin an yafe tarihin da ba a kafe ba. rmcp yana cire zanguna daga jeri, har da tsakanin lamba kaza zuwa kaza, amma shi kaɗai ba ya dawo da sarari sai mai shara ya bi ta wurin. In fatishan ɗin a kan LVM yake, a ƙara masa girma a kira nilfs-resize, wanda ke aiki faifai na ɗore, kuma yana iya ragewa ma, abin da ext4 ba ya yi sai an sauke.

Abubuwan da ya rasa

Takardun kenel ɗin kansu sun jero su ba ɓoye-ɓoye: babu ƙarin siffofin fayil na xattr, babu ACL, wato jerin izinin kowane mai amfani a kan fayil, babu ƙayyade wa kowane mai amfani sarari, babu fsck, babu mai harhaɗa fayil da ya warwatse. Rashin xattr ya fi yadda ake zato ciwo. SELinux ba zai iya liƙa wa fayiloli lakabinsa ba, setcap ba zai yi aiki ba, kuma rsync -X ko -A zuwa faifan zai yi ta ƙorafi. Wannan kaɗai ya isa a ce kada a ɗora tushen tsarin aiki a kansa, ko da yake GRUB na iya karanta shi kuma akwai masu yin hakan.

Rashin fsck kuma sai a auna shi da kyau. Ɗaukewar wuta ba ta buƙatarsa. Amma in faifai ya lalata wani bulo a tsakiyar bishiyar bayanai, ko a fayil ɗin DAT da ke fassara adireshin kowane bulo, babu kayan gyara na hukuma. Lissafin CRC32 ɗin nan na farfaɗowa ne, ba a duba shi a karatun yau da kullum, don haka bai kai kariyar da ZFS da Btrfs ke bayarwa daga ruɓewar bayanai ba. Zanguna dubu a kan faifai ɗaya tare suke mutuwa da faifan, kwafin ajiya a wata na'ura yana nan a matsayin wajibi. A kuma riƙa sabunta kenel, don an yi ta toshe kurakuran nilfs2 a 'yan shekarun nan, yawancinsu na yadda yake karɓar faifan da ya lalace.

Akwai kuma batun sirri. shred, umarnin da ke rubutu a kan fayil don ya ɓace har abada, ba shi da amfani a nan, don rubutunsa a sabon wuri yake sauka. Duk mai ikon root zai iya ɗora zangon jiya ya karanta abin da aka goge. In akwai abin ɓoyewa, a sa LUKS, mai kulle bayanan faifai da mabuɗin sirri, a ƙarƙashinsa tun farko.

Rumbun bayanai irin PostgreSQL da faifan kwamfutar cikin kwamfuta su ne mafi munin kaya gare shi. Suna tabbatar da rubutu akai-akai, kowane tabbatarwa na jawo ƙarin rubutun bayanan tsari, tarihi ya kumbura cikin awoyi, fayil ɗin kuma ya warwatse ko'ina. A kan faifai mai juyawa karatun irin wannan fayil daga farko zuwa ƙarshe yakan koma tafiyar hawainiya.

Wanda abin da ya kawo shi kawai shi ne tsarin da ya dace da filashi, F2FS ya kamata ya ɗauka. Samsung ne ya kawo shi, ya shiga Linux 3.8 a 2013, kuma yana ɗauke da bayanan masu amfani a wayoyin Android da yawa. Yankinsa MiB 2 ne, yana raba rubutu gida shida gwargwadon yadda bayanai ke saurin canzawa, mai shararsa a cikin kenel yake, don haka babu batun mantawa da tayar da shi, in sarari ya ƙure yana cike guraben tsofaffin yankuna maimakon ya tsaya jiran shara, yana da fsck.f2fs da xattr da ɓoye bayanai da matse su. Ya fi NILFS2 a kusan kowane ma'auni, sai dai ba ya ajiye maka jiya. A ɓangaren BSD kuwa, NetBSD ne ya riƙe LFS, tsarin fayil mai irin wannan dabarar da ya gada daga 4.4BSD, da newfs_lfs da mount_lfs da lfs_cleanerd, bayan FreeBSD da OpenBSD sun cire nasu, kuma yana da mount_nilfs mai karanta faifan NILFS2 ba tare da rubutu ba.

Wurin da NILFS2 ya dace shi ne fatishan na gefe mai ɗauke da abin da mutane ke rubutawa da hannu: takardun ofis, rubutun manhaja, foldar da ma'aikata ke rabawa ta Samba in ba a buƙatar ACL. Irin waɗannan ƙanana ne, canjinsu kaɗan ne, kuma kuskuren ɗan Adam ya fi lalacewar na'ura yi musu ɓarna. A ba shi ninki biyu na girman abin da za a zuba, a ɗaga protection_period zuwa 86400 in rubutun yini ɗaya bai kai sararin da ya rage ba, a sa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya kira mkcp -s kowane dare, a sa wani aikin ya riƙa mayar da waɗanda suka wuce wata ɗaya zuwa cp. Bayan gyara fayil ɗin saiti, nilfs-clean --reload yana sa mai shara ya karanta sabon ba tare da an sauke faifan ba.